Rubutun Baba a Ƙirjin Baƙar Riga

Unguwar Safa, Jidda
Laraba, 6 ga Sha'aban

Zuwa ga yayana Malam Ɗayyabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa da ta jini, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Balkisu da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara wa Inno sauƙi, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya ba ku ladan jinyar da kuke yi, ku da kuke tsaye a kanta safe da yamma, mu muna nan nesa sai dai waya. Mu kam lafiya lau muke. Baban su Yasmin kumburin ƙafarsa ya sace tun da ya yarda ya rage gishiri, bayan shekara biyar ina faɗa yana cewa likitoci ba su san komai ba. An sabunta mana iƙama, wato takardar zama, ba tare da wahala ba. Yasmin ta kusa kammala karatun haɗa magunguna. Ni kuma ina nan ina fama da aikin nas, gwiwa ta fara tuna mini shekaruna duk sanda na hau matakalar asibiti.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Kawu Sidi, a zamanin da ko kaza ce ta ɓata a gidan sai an kira ni an shaida mini. Dalili shi ne duk sanda na kira ka Inno tana kusa, kuma ka san halinta, sai ta ce a buɗe murya kowa ya ji. Abin da zan faɗa maka ba na buɗe murya ba ne. Ka nemi wuri kai kaɗai ka zauna kafin ka ci gaba, kada ka karanta a tsaye a zaure yara suna leƙe. Zan fara da nawa laifin. Sau uku ka tambaye ni yadin Inno, sau uku na ce maka yana nan, na ninke na ajiye. Ƙarya na yi maka, Yaya. Allah ya yafe mini, kai ma ka yafe mini.

Ka fi ni sanin tarihin yadin nan, amma bari in maimaita don ka ga nauyin da ya danne ni. Bandir guda na alawayyo Baba ya sayo kafin ya tafi aikin Hajji, ya raba biyu, ya tafi da nasa rabin ya tsoma a Zamzam, kuma a ciki kuka sa shi. Rabin Inno ya rubuta masa "Na Maiturare" a gefe da ajaminsa mai karkata, sunan da shi kaɗai yake kiranta da shi, ita kuma ta bi rubutun da shuɗin zare don kada ya goge. Lokacin da na kawo Inno Hajji, shekara ashirin ke nan, na ce ta taho da shi a tsoma. Ta iso hannu rabbana, ta ce da gangan ta baro shi, ba ta gama da mu ba tukuna. To, da Kawu ya sauka umra farkon Rajab ya miƙa mini ƙunshi, ya ce in ji Inno a tsoma a ba shi ya koma da shi, ai na ji saƙon da ba a faɗa ba. Ni da na rufe idon mutane a asibiti fiye da yadda zan iya ƙirgawa, sai na kasa buɗe likkafanin uwata a gaban 'ya'yana. Na tura shi ƙarƙashin gado, ban ce wa Hashim da Yasmin komai ba. Ko cewa jikin Inno ya yi tsanani ban taɓa gaya musu ba, kullum sai in ce tsufa ne.

Muka je Makka ni da babansu muka ciko jarka biyu na Zamzam. Na sayi sabon baho, na jira ranar da yara suka fita, na tsoma shi ina kuka ina addu'a, na hau da shi saman bene na shanya, na tafi aiki. Da na dawo bayan la'asar igiya ce kawai da maƙalai. Yaya, na duba saman benen nan kamar mai neman allura. Na leƙa bayan tankunan ruwa, na sauka na zaga layi ko iska ta jefa shi. Na tsare harisin gidanmu, wato maigadi, wani dattijo ɗan Yaman, na yi ta yi masa tambayar da ta fi zargi ciwo, har ya ɗaga hannu sama ya ce Allah ne shaidarsa. Maƙwabciyata ta hawa na uku kuwa sati biyu ina amsa gaisuwarta da ƙyar. Kowa na zarga a gidan nan ban da 'ya'yan cikina, don me yaro zai yi da farin yadi? Sati uku ina cikin wannan hali, abinci ba ya wuce mini, kai kuma kana kira kana tambaya.

Ranar Juma'ar da ta wuce waccan, da hantsi, ina ware kayan wanki sai na ɗauko wata baƙar riga daga kwandon Hashim. Ka ga na rubuta sunansa tiryan-tiryan, ka yi haƙuri, Jidda ta cinye kunyar ɗan fari tun tuni. Rigar a juye take, na birkito ta. Rubutun Baba ne a ƙirjinta, fari a kan baƙi, an faɗaɗa shi ya kai tsawon hannuna, har da ɗan lanƙwasar nan da yake yi wa harafin ƙarshe. A ƙarƙashinsa hoton mutum ne zaune a gadon asibiti, an naɗe shi da farin yadi daga kai har ƙafa, an huda ido biyu, an tsaga baki an ɗinke da baƙin zare, ja yana gangarowa har ƙirji. Ban san lokacin da na zauna a ƙasan banɗaki ba. Na yi ta karanta "Na Maiturare" ina sakewa, sai ka ce in na karanta sau goma zai koma wani abu dabam. Sannan na ƙwala wa Yasmin kira, ta zo ta ga abin da ke hannuna, sai kawai ta ce wai dama ta gaya masa wata rana zan gane.

Abin da take nufi in gane dabam, abin da na gane dabam. Ita a zatonta sirrin kiɗa ne ya tonu. Ashe shekara uku ke nan ɗanka Hashim yana cikin wata ƙungiyar makaɗa, kuma ba a gefe yake ba, shi ne mai waƙar. Hashim fa, Yaya. Yaron da in ya yi magana sai ka ce ya maimaita, wanda in za a yanka ragon layya yake shigewa ɗaki ya rufe ƙofa, wanda na ɗauka daga shagon ɗab'in da yake aiki a Bagdadiyya sai masallaci sai gida. Irin kiɗan nasu Yasmin ta ce shok rok ake ce masa, wai aikinsa shi ne ya firgita mai kallo, ba kunne kaɗai ake yi wa ba, har da ido. Sunan ƙungiyar Tallaja Tis'a, wato firij na tara, kuma ni ba sai an fassara mini ba, tallaja muke ce wa ɗakin ajiye gawa a wurin aiki. Su biyar ne. Akwai Thamer mai ganguna, wanda nake gani yana zuwa ɗaukar Hashim a mota, da rana haƙoran roba yake haɗawa a wani asibitin haƙori. Akwai Bandar da Mish'al masu jita, ɗaya malamin lissafi ne, ɗayan yana aiki a tashar jiragen ruwa. Sai wata yarinya Ruba, ba ta kiɗa, ita ce mai zane da hoto da shirya musu fuska. Duk 'ya'yan mutane ne masu sallah.

Na ce ta nuna mini, ta ce Ummi ba za ki iya ba, na ce yalla, maza nuna mini. Bidiyon wasan da suka yi ne a wani zaure ranar da suka fitar da faifansu. Da farko duhu, sai ƙarar na'urar nan ta bugun zuciya, ɗis, ɗis, irin wadda nake ji kullum. Sai fitila ja ta kama. Ga Thamer a bayan ganguna cikin koriyar rigar tiyata, ya rufe fuska da wani abu mai haƙora jere uku, aikin hannunsa. Ga masu jita fuska fari fat, ido zagaye da baƙi, ledojin ƙarin ruwa cike da jan abu suna lilo a kansu. Kiɗan kuwa ban san da me zan kwatanta maka shi ba, ka haɗa injin niƙa da maƙera a ɗaki ɗaya ka rufe ƙofa. Mutane sun kai ɗari biyu, suna ta kaɗa kai sama da ƙasa har na ji wuyana yana ciwo. Can sai aka turo gado mai taya da gawa a kai. Kiɗa ya tsaya, na'urar ta ja dogon kuka ɗaya, irin wanda in mun ji muke duba agogo mu rubuta lokaci. Sai gawar ta tashi zaune, ta buɗe wannan ɗinkakken baki ta yi wani gurnani daga maƙogwaro, kamar raƙumi a hannun mahauta. Na gane shi da ƙafarsa, babban yatsan nan da ya karkace irin na Baba. Yaya, na ga ɗana a cikin likkafanin uwata, mutane suna tafi. Har yau in na rufe ido abin da nake gani ke nan.

Faifan waƙa tara ne, sun sa masa suna da Larabci, ma'anarsa lokacin ziyara ya ƙare. A wani sito a unguwar Mahjar suka naɗe shi, sun lulluɓe bango da tsofaffin katifu da kwalin ƙwai, wata shida suna yi. Sun sa a intanet, sun kuma buga riguna ɗari biyu a shagon su Hashim. Ni a kunne ban tsinci kalma ko ɗaya ba duk da shekara ashirin da bakwai ina jin Larabci, sai da Yasmin ta buɗe mini baitocin a rubuce. Nan na sake shan wani mamakin, domin labaraina ne. Akwai waƙa a kan ledar ƙarin ruwa da take ɗiga, akwai ta mai sharar da take gaida gawa kafin ta shiga ɗaki, akwai wata mai suna gado na sha huɗu. Wani tsoho ne da ya yi wata huɗu a ɗakinmu na asibiti ba wanda ya zo duba shi, duk sanda ƙofa ta motsa sai ya ɗaga kai. Na ba da labarinsa muna cin abinci shekaru shida da suka wuce, Hashim yana sunkuye a kan faranti, na ɗauka ko ji bai yi ba. Ashe duk kwashewa yake yi. Zan faɗa maka gaskiya ko da za ka yi mini faɗa, baitocin nan sun sa ni hawaye. Sai dai ban ga dalilin da za a ce sai an yi su da gurnani da jinin ƙarya ba, kuma har gobe ban gani ba.

Hashim ya dawo daga masallacin Juma'a cikin farar jallabiya yana ƙamshi, ya sumbaci kaina yadda suke yi a nan. Na ajiye rigar a gabansa, na tambaye shi ina yadin. Ya fara rantse-rantse da Hausarsa mai ɗingishi, rabi Larabci, wai wasa ne kawai kamar fim, ba su zagi addini ba, ba su sha komai ba. Na ce ba kiɗa na tambaye ka ba, yadi na tambaye ka. Ya ce Ruba ce ta ce sabon yadi yana ƙyalli a hoto, a samo tsoho wanda ya ɗan yi ruwan ƙwai. Ya hau sama gyara farantin tauraron ɗan'adam ya gan shi a igiya, ya ɗauka cikin tsofaffin zannuwan da nake rufe kujeru ne in za mu yi tafiya, ya ce zai gaya mini ya manta. Rubutun kuwa sun zaci tambarin wani tsohon ɗan kasuwa ne, ya burge su. Shi Inno kawai ya sani, bai taɓa jin sunan Maiturare ba. Na ce masa likkafanin kakarka ne. Ya dube ni, ya dubi Yasmin, ya ce ai Inno tana da rai. Sai da na zauna na yi masa bayani tun daga bandir ɗin Baba, kamar mai koya wa baƙo, cewa a wurinmu mutum yakan tanadi nasa da kansa, ya ajiye a akwati, in ya ji lokaci ya matso ya aika a tsoma masa a Zamzam. Na shirya jin ba da haƙuri, na shirya jin musu. Ban shirya wa abin da ya fito daga bakinsa ba. Ya ce, "Ummi, ya'ni Inno za ta mutu?" Tambayar da na yi wata guda ina gudu ke nan. Mai tashi daga gadon gawa a gaban mutum ɗari biyu sai ga shi ya zube a kan kafet yana kuka kamar ranar da na fara kai shi makaranta.

Kashegari da yamma 'yan ƙungiyar suka zo su duka, suka jera takalma a bakin ƙofa, suka zauna a takure suna ce mini khala, wato gwaggo. Na yi ta kallonsu ina neman dodannin da na gani a bidiyo, ban ga kowa ba sai samari masu gyararren gemu da ba sa iya haɗa ido da ni. Ruba, wadda ta riƙe almakashin da ya huda idon, ta zo da mahaifiyarta. Thamer ya ce tasa kakar a hannunsa ta cika, da ya sani da ya yanke hannunsa kafin ya watsa jan fenti. Bandar ne kaɗai ya ɗan yi ƙoƙarin cewa hoton ya riga ya yaɗu, mutum dubu huɗu sun gani, cirewa ba za ta mayar da komai ba. Mish'al ya ce masa halas, wato ya isa haka. A gabana suka sauke hoton da bidiyon, suka bar faifan da baƙin bango babu komai a kai. Rigunan da ba a raba ba suka kawo mini kwali uku, suna nan a sito, na rasa yadda zan yi da su, ba na iya ƙona rubutun Baba, ba na iya kallonsa. Wajen arba'in kuma suna jikin mutane a garin nan. Shekaranjiya na ga wani saurayi a kantin sayayya da sunan Inno a ƙirjinsa yana zaɓen tumatir, na saki kwandona na fita.

Suka kawo yadin a baƙar leda. Kashi biyu cikin uku takawa kawai aka yi, amma kashi ɗayan ya sha fenti da zoɓo da suka dafa ya yi kauri, ga hudar ido biyu, ga tsagar baki. Gefen rubutun Baba bai taɓu ba. Babansu ya tambayi wani malami, ya ce fenti da zoɓo ba najasa ba ne, fari an fi so amma ba dole ba ne, kuma shi tsomawa a Zamzam ɗin ma ba wajibi ba ce, kowane yadi mai tsarki ya isa. Na san haka, Yaya, ai ba hukunci nake nema ba. Sai babansu ya kawo shawara: a sayi sabon alawayyo a kasuwar Balad, a jiƙa a ruwan shayi ya yi kamar tsoho, Ruba ta kwaikwayi hannun Baba, ni in bi da shuɗin zare, a tsoma a Zamzam a ba Kawu. Idon Inno ya yi rauni, ba za ta gane ba, kuma a ganinsa jinƙai ne a bar tsohuwa mara lafiya cikin kwanciyar hankali. Ba zan ɓoye maka ba, na yarda. Na je na sayo yadin, har na sa zare a allura. Hashim ya shigo ya same ni, ya tsaya a kaina ya ce, "Kin ɓoye mini, shi ya sa na yi. Yanzu za ki ɓoye mata?" Na so in mare shi, wallahi na so, mai laifi yana yi mini wa'azi. Amma allurar ta ƙi shiga yadin. Na tuna cewa Inno shekara talatin da wani abu tana buɗe akwatin nan tana shafa rabin abin da mijinta ya tafi da shi, ni kuma zan sa a naɗe ta da ƙaryata.

Na je Mahjar inda Kawu ya sauka wurin 'yan garinmu, na faɗa masa komai. Ya daɗe yana jan carbi, ya nemi ganin hoton, na nuna masa, ya mayar mini da wayar a kife. Ya ce shi farin yadi aka ba shi ya kawo, wannan ba shi zai mayar ba, wanda ya san abin da ya same shi shi zai kai. Da na gaya wa Hashim ban ƙarasa ba ya ce zai je. Kwana huɗu ya yi yana wanke yadin da hannunsa a bahon nan, da sabulu da lemon tsami, ya hana a sa sinadarin fari don kada ya ci shuɗin zaren. Ya ce in koya masa ɗinki. Muka zauna ni da shi a falo yana cike hudar idon da farin zare, yana soke yatsa, yana tambayata wace ce Inno, me take so, me ya sa Baba yake ce mata Maiturare. Tun da na haife shi ban taɓa zama da shi haka ba, kuma na ji kunyar yawan abin da bai sani ba. Ran Litinin ya tafi Makka shi kaɗai ya ciko Zamzam, ya tsoma da kansa, ya hau sama ya zauna a gindin igiyar cikin rana har ya bushe. Jan bai fita duka ba, ya koma launin ɓawon albasa, ɗinkin kuma ko makaho ya shafa zai ji shi.

To ga abin da nake roƙonka. Kafilinsa, wato mai shagon, ya ba shi izinin fita na sati uku, zai sauka Sakkwato ran Alhamis ta sama, kwana shida bayan Kawu. Yana ɗauke da yadi biyu, na Baba da sabon, shi ma an tsoma shi, ban rubuta komai a kai ba. Inno ta zaɓa. Ka je ka tarye shi da kanka, rabonsa da gida tun yana shekara shida, ba zai gane kowa ba. Kafin ya iso kada maganar nan ta kai kunnenta daga bakin kowa, ka ja kunnen su Abdulbaƙi masu yawo a waya, in wani ya ci karo da hoton ya haɗiye. In Inno ta tambayi Kawu, ya ce jikanta ne zai kawo, wannan ba ƙarya ba ce. Ranar da zai faɗa mata ka zauna kusa. Ya ce da Hausa zai yi, kwana da kwanaki yana haddace kalmomin yana maimaita mini. In ya maƙale ka miƙa masa kalma, amma kada ka gyara masa labari, kada ka rage. In za ta yi faɗa a bar ta ta yi, haƙƙinta ne. Faɗanka kai kuma ka ajiye mini, na nemi hutu, ina tafe kafin azumi in sha Allah, sai ka yi mini a gabana. In kuma ta tambaya yadda aka yi jikanta ya kai shekara ashirin da biyar bai san likkafani ba in ya gani, bai san sunanta ba in ya karanta, kada ka bari ya amsa. Ka ce Hafsa ce ba ta gaya masa ba.

Ka gaishe mini da Inno, ka riƙe hannunta ka ce daga ni. Ka gaida Yaya Balkisu da godiya mai yawa kan ɗawainiyar da take yi, da Ummukulthum da maigidanta da jaririyarsu da ban gani ba tukuna, da Abdulbaƙi da ƙannensa, da Gwaggo Nana ta Gidan Kanawa, da duk wanda ya tambaye ni. Babansu yana gaishe ka, ya ce in gaya maka shawararsa ta yadin ya janye ta. Yasmin tana gaida kowa. Akwai dabino da man zaitun a jakar Kawu, na Inno ne mai jan ƙulli.

Abu na ƙarshe, Yaya. Daga yau in na kira na tambayi jikin Inno, ka fita waje ka amsa mini, kuma kada ka ce da sauƙi don ka lallashe ni. Ka faɗa mini yadda take. Yaron nan ya yi mini tambaya, har yanzu ban ba shi amsa ba.

Wassalam. Ƙanwarka mai neman afuwarka,
Hafsa